Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Aka Auna Tsukewar Jijiyar Zuciyata

Takardar ba ta wuce shafi ɗaya da rabi ba, amma layi guda ne ya riƙe mini ido: jijiyar gaba ta zuciya ta tsuke da kashi 50 zuwa 69 cikin 100. A tsaye na karanta, a harabar asibiti, babban ɗana yana gefe riƙe da faifan hoton. Nan take na yi lissafi irin namu na manoma. Idan ƙasa ta cike kanal har kusan kashi 70, ai gonar da ke ƙasa ta gama yawo. Gwiwoyina suka yi sanyi, na nemi benci na zauna.

Shekarata 56. Na daɗe ina aikin malamin gona, yanzu kuma noman rani nake yi a yankin Kura, da ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga. Ina da hawan jini kusan shekara tara, kuma gaskiya shan maganin nawa na ganin dama ne, sai kai ya sara nake tunawa da shi. Mahaifinmu ya rasu yana da shekara sittin da 'yan kai, bayan sallar asuba, ba tare da jinya ba. A wancan lokaci cewa aka yi kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, amma babu wanda ya tambayi ta wace hanya.

Abin ya fara ne da sanyin hunturu. Duk lokacin da na hau gaɓar kanal da sauri, musamman in ina ɗauke da wani abu, sai in ji kamar an ɗora mini buhu a tsakiyar ƙirji. Ba suka ba ce, nauyi ne. In na tsaya na minti uku ko huɗu sai ya sake ni. Wata biyu ina shan maganin olsa da wani mai kemis ya haɗa mini, domin a wajenmu duk abin da ya taɓa ƙirji olsa ne. Uwargida ce ta ƙi yarda. Ta ce, "Malam, olsa ba ta jiran sai ka hau tudu." Wannan maganar tata ita ta kai ni wajen likitan zuciya a Kano.

An yi mini awon ECG, wanda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji don a ga yadda zuciya ke bugawa, aka ce babu wani abin tashin hankali. An yi hoton zuciya na eko, aka ce tana harba jini da ƙarfinta, sai dai bangonta ya ɗan yi kauri saboda shekarun da ta yi tana kokawa da hawan jini. Har na fara tattara takarduna ina hamdala, likita ya ce in dakata.

"Alhaji, duk wannan awon kana kwance aka yi shi. Kai kuma ciwonka ba ya zuwa a kwance."

Shi ya rubuta a yi mini hoton CT na jijiyoyin zuciya. Kafin ranar sai da aka duba ƙodata, saboda ruwan da ake ɗura wa mutum don jijiyoyi su fito a hoto ta ƙoda yake fita. An hana ni shayi, kofi da goro tun daren jiya. Da na isa, zuciyata tana bugawa sau 84 a minti, su kuma suna son ta sauko kusan 60, domin na'urar tana ɗaukar hoton ne a ɗan tsakanin bugu da bugu, lokacin da zuciya ta lafa. Suka ba ni ƙwaya, na zauna kusan awa guda. Sannan aka kwantar da ni, aka fesa mini magani a ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe, aka ce in ɗaga hannuwa sama da kai. Da ruwan ya shiga sai na ji ɗumi ya ratsa ni daga wuya har mara, kamar mutum ya saki fitsari. Ma'aikaciyar ta riga ta gaya mini haka zai faru, kuma na gode mata, da ban sani ba da kunya ta kama ni. "Baba, riƙe numfashi." 'Yan daƙiƙu kaɗan. Shi ke nan.

Kwana biyu tsakanin karɓar sakamako da komawa wajen likita, kuma a kwana biyun nan gidanmu bai ga barci ba. Ɗana ya kwana a kan waya yana karatu a intanet, ya gano cewa wannan jijiya ta gaba ita ce ke shayar da mafi girman ɓangaren tsokar zuciya. Yayana ya bugo daga Kaduna ya ce kada a ɓata lokaci, a nemi biza a tafi Indiya a sa mini ƙarfen da ke buɗe jijiya. Wani abokin noma ya kawo haɗin tafarnuwa da lemon tsami da citta, ya rantse yana wanke jijiya tas. Kowa da niyyar alheri ya zo, kuma kowa lambar nan ɗaya yake kallo, kamar yadda nake kallonta.

Likita ya sa faifan a kwamfuta, ya juyo da ita wajena. Ya fara da abin da ban lura da shi ba ko kaɗan. Zuciya tana da manyan jijiyoyi uku da ke ciyar da ita. Ɗaya ta dama. Biyu kuma, ta gaba da wadda ta zagaya ta baya, daga gindi ɗaya suke fitowa a hagu, wani ɗan gajeren kututture.

"Abin da na fara dubawa ke nan," in ji shi. "Kututturen nan naka lafiya lau yake. Da a nan aka ga tsukewar kashi 50, da ba wannan hirar muke yi ba, da yau ɗin nan muna shirin aiki."

Wannan na gane shi ba tare da wani dogon bayani ba. Toshewa a babban kanal daban take da toshewa a ƙaramar kwata. Lamba ɗaya, amma girman gonar da ke bayanta ba ɗaya ba.

Tawa tsukewar a tsakiyar jijiyar gaba take, ba a bakinta ba. Ta dama kuma tana da ƙarama, tsakanin kashi 25 da 49. Ya nuna mini wata alama a ƙasan takardar, CAD-RADS 3. Ya ce wani ma'auni ne da masu karanta hoto suka amince da shi tun 2016 don su riƙa magana da murya ɗaya, daga 0, wato babu komai, zuwa 5, wato jijiya ta toshe ɗungurungum. Mataki na 1 da na 2 magani ne da gyaran rayuwa. Na 4 da na 5 yawanci a shiga ciki a gani. Na 3 shi ne na tsaka-mai-wuya, kuma ma'anarsa a taƙaice ita ce hoto shi kaɗai bai isa ya yanke hukunci ba.

Na ce, "Likita, to shin 50 ne ko 69? Ai akwai nisa a tsakani."

Ya ce jijiyar gaba ɗayanta faɗinta bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba, ba ta kai kaurin fensir ba. Bambancin kashi 50 da kashi 70 a irin wannan jijiya bai kai milimita ɗaya ba, a jikin abin da ke motsi ba dare ba rana. Ga kuma wata matsala. Maiƙon da ya taru a bangon jijiyata ya fara sandarewa da sinadarin kalsiyam, an ma ƙirga shi da ma'aunin da wani likitan Amurka, Arthur Agatston, ya fito da shi a 1990, nawa ya kama 212. Kalsiyam yana ƙyalli a hoton CT, kamar fitilar mota da daddare da ke hana ka ganin girman motar. Sai ya sa tsukewa ta yi kama da ta fi yadda take. Shi ya sa, in ji shi, hoton CT ya fi ƙwarewa wajen cewa babu ciwo fiye da faɗin girman ciwon idan akwai shi.

Wani abu kuma da ni na tambaya, domin na san shi a wajen bututu: kashin nan na faɗi ne ko na fili? Ya yi murmushi ya ce na faɗi ne, ana kwatanta wurin da ya tsuke da lafiyayyen wurin da ke kusa da shi. Kenan idan faɗi ya ragu da rabi, filin da jini ke bi ya ragu da kashi uku cikin huɗu. Gabana ya sake faɗuwa. Amma ya ce in kwantar da hankali, Allah ya yi wa zuciya tanadi mai yawa. Idan mutum yana aiki, jijiyoyinta suna iya ninka jinin da suke kawowa sau uku zuwa huɗu. Tun 1974, shekarar da aka gama ginin Tiga, wani mai bincike, Lance Gould, ya nuna cewa jinin da ke wucewa lokacin hutu ba ya raguwa sai tsukewa ta kai wajen kashi 85, amma wancan tanadin na lokacin aiki yana fara zaizayewa tun kafin nan da nisa. Shi ya sa nake lafiya a kan tabarma, nauyi kuma ya tare ni a kan gaɓa.

"To tambayar ba nawa ta tsuke ba ce kawai," in ji shi. "Tambayar ita ce, idan zuciyarka ta nemi jini da yawa, wannan wurin yana hana ta samu?"

A ranar ya ɗora ni a kan magani ba tare da jiran wani awo ba: atobastatin na rage maiƙo, asfirin ƙarami, ƙarin maganin hawan jini, da abin fesawa ƙarƙashin harshe idan nauyin ya zo. Ya ce ko me awo na gaba zai nuna, ciwon jijiya dai ya tabbata, kuma waɗannan ba sa jiran kowa. Ya kuma rubuta wa uwargida alamomi a takarda da Hausa: nauyin ƙirji da ya zo ina zaune, ko ya wuce minti goma bai saki ba, ko ya zo da zufa da amai da sarƙewar numfashi. Idan aka ga haka, asibiti kai tsaye, ko da ƙarfe biyun dare ne, ba a jiran gari ya waye.

Awo na gaba na tafiya ne a kan inji, an manna mini wayoyi a ƙirji, kowane minti uku ana ƙara sauri da tudu. Ga mai shekaruna ana son zuciya ta kai bugu 139 a minti kafin a amince da sakamakon. A 128 na tsaya, saboda gwiwata ta dama da ta daɗe tana damuna, kuma awon jinina ya haura 200 har likita ya ce a dakata. Layin ECG ya ɗan sauka, bai kai yadda za a ce e ba, bai kuma zauna yadda za a ce a'a ba. Na fito da takarda ta biyu, ita ma ba ta raba gardama ba.

Wannan lokacin ya fi kowanne yi mini nauyi, kuma ina son duk wanda zai bi wannan hanya ya san da shi. Ciwo da suna yana da sauƙin ɗauka a kan ciwon da aka ce wataƙila. Na daina hawa gaɓar kanal. Na daina ɗaukar jikata. In na kwanta sai in riƙa sauraren ƙirjina. Mako shida na yi a haka, nauyin ya ragu da magani amma bai ɓace ba. Da na koma, likita ya ce tunda jijiyar gaba ce, tunda alamar ba ta tafi ba, tunda kuma ga tarihin mahaifina, ra'ayinsa a shiga ciki a duba. Amma ya kafa sharaɗi, har ya ja layi a ƙarƙashinsa a wasiƙar da ya rubuta: kada a sa mini komai sai an auna matsin jini a gaba da bayan tsukewar. Sunan awon FFR.

Da ya bayyana mini shi, sai na ga abin da na yi shekaru ina yi ne. Idan manomi ya ce injin ban ruwansa ba ya kai ruwa, ba tsayawa nake ina kallon inda tiyo ya lanƙwashe ba. Buɗe injin nake har ƙarshe, in duba ƙarfin ruwa kafin lanƙwasar da bayanta. Wata lanƙwasar mummuna ce a ido amma ruwa na wucewa sumul. Wata ba ta da muni, amma doguwa ce, ta shanye ƙarfin ruwan gaba ɗaya.

Muka yi shawara a gida. Muna da ɗan'uwa da ke karatu a Alkahira, ya san hanya, ya san masauki, don haka can muka nufa. Na sayar da shinkafar da na ajiye da sa guda. Ba ƙaramin abu ba ne a gidan manomi, kuma na san mutane da yawa da ko hoton farko ba za su iya biya ba, balle wannan. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Ranar aikin ba a sa ni barci ba. Aka kashe mini wuyan hannun dama da allura, aka zura siririn bututu ta jijiyar wurin har zuwa bakin zuciya. Na ɗauka zan ji yana tafiya a cikina, ban ji komai ba sai ɗan matsi a hannu. Wata babbar na'ura tana juyawa a kaina, ta dawo dama, ta koma hagu, ta sunkuyo. A allo na ga jijiyoyina baƙaƙe kamar saiwar bishiya, suna bayyana suna ɓacewa duk lokacin da aka tura ruwan. Na ga wurin da idona. Kamar an ɗaure tsakiyar igiya da zare.

Likitoci biyu ne a ɗakin, suna magana da Larabci gauraye da Turanci, ina tsintar kaɗan. Ɗaya ya ce sittin. Aka juya na'urar ta wani ɓangare, ɗayan ya ce a nan kam ta kai saba'in. Daga baya babban ya gaya mini wannan ba baƙon abu ba ne: maiƙo ba ya taruwa daidai-wa-daida a kewayen jijiya, yakan kwanta gefe guda, sai ramin ya zama kamar ƙwayar wake, ta nan siriri ta can mai faɗi. Mu dai mun gaji magana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan gadon nan na ga iyakar ƙimar. Ƙwararru biyu, hoto ɗaya, lamba biyu, kuma tsakanin lambobin nan ne ake yanke ko a bar mutum ko a sa masa ƙarfe har ƙarshen ransa.

Sai aka kawo mudun. Wata waya ce mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita, da ɗan ma'aunin matsi kusa da bakinta. Aka fara daidaita ta da matsin babbar jijiya har lambobin biyu suka zama ɗaya, sannan aka tura ta ta ratsa tsukewar ta wuce.

"Ya Hajj," in ji likitan, "yanzu za mu sa maka magani. Za ka ji ba daɗi na minti biyu. Kada ka ji tsoro, kada ka motsa, ka ci gaba da numfashi."

Adenosin sunan maganin. Aikinsa ya buɗe ƙananan jijiyoyin zuciya gaba ɗaya, kamar mutum yana gudu alhali yana kwance, wato a buɗe injin har ƙarshe. Ban taɓa jin abu irinsa ba. Fuskata ta ɗau zafi, ƙirjina ya cika, numfashi ya zama kamar ina jan sa ta cikin tsumma. Nauyin nan na gaɓar kanal ya dawo, har ya fi. Na kama salati a zuci. Ina jin wani yana karanto lambobi, suna sauka, sannan suka tsaya. Aka cire maganin, kafin in gama salati uku komai ya wuce kamar ba a yi ba.

0.86.

Ma'anarsa, a lokacin da zuciyata ta fi bukatar jini, jijiyar tana kawo kusan kashi 86 cikin 100 na abin da za ta kawo da babu tsukewar. Iyakar da likitoci suke aiki da ita 0.80 ce. Daga nan zuwa ƙasa, tsukewar tana tauye zuciya, buɗe ta yana da amfani. Sama da haka, a bar ta. Suka zare wayar, suka ɗaura mini wani abin matsi a wuyan hannu, aka mayar da ni ɗaki.

Ba zan ɓoye ba, abin da na fara ji ba farin ciki ba ne. Na tuna shinkafata da sana. Na tuna mutanen da suka raka ni filin jirgi. In koma in ce musu me, an duba an bar ni yadda nake? Ɗana ma haka ya ji, shi ya fito da maganar da likitan ya zo zagaye da yamma. Ya ce tunda an riga an zo, an kuma ga wurin, me zai hana a sa ragar ƙarfen kawai hankalin kowa ya kwanta?

Likitan ya jawo kujera ya zauna, kuma na ga girmansa a kan haka, domin da ya sa ragar da kuɗin da za mu biya ya fi haka. Ya ce 'yar ragar ƙarfen nan da ake kira sitent ba kyauta take zuwa ba. Wanda aka sa wa sai ya sha magungunan hana jini daskarewa iri biyu, yawanci wata shida ko fiye, da haɗarin zubar jini da ke tare da su. In ya yi wasa da su, gudan jini na iya toshe ragar farat ɗaya. Wani lokaci kuma nama yakan sake tsirowa a cikinta. Idan tsukewa tana hana jini, wannan farashi ne da ya cancanci a biya. Idan ba ta hanawa, an sayi haɗari ba a sayi komai ba.

Ya ce wasu likitoci biyu, Nico Pijls na Holan da Bernard De Bruyne na Beljiyam, su suka gina wannan awo a shekarun 1990. A wani bincike mai suna FAME da aka buga a 2009, an raba marasa lafiya 1,005 gida biyu, wasu aka sa musu raga bisa abin da ido ya gani, wasu bisa awon matsi. Waɗanda aka auna sun sami raga kaɗan, kuma sun fi samun lafiya bayan shekara guda. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan: a cikin tsukewar da ido ya ce kashi 50 zuwa 70 ce, kusan ɗaya cikin uku ce kawai awo ya nuna tana tauye jini. Hatta a cikin na kashi 71 zuwa 90, ɗaya cikin biyar ba ta tauyewa. Na tuna daren da na kwana ina juya lambar 69 a kaina.

Ɗana ya ce, to ba ragar ce ke hana bugun zuciya ba? A nan likitan ya gyara zama, ya ce wannan ita ce fahimtar da ta fi yi wa mutane illa. Idan mutum yana cikin bugun zuciya, jijiya ta toshe, buɗe ta da gaggawa ceton rai ne, babu jayayya. Amma ga wanda ciwonsa ke zaune, yana zuwa da aiki yana tafiya da hutu, babban binciken ISCHEMIA na 2020, mai mutum 5,179, bai nuna cewa garzayawa a buɗe jijiya yana rage mutuwa fiye da magani mai kyau ba. Abin da yake yi shi ne rage ciwon ƙirji ga masu fama da shi sosai. Ya ƙara da cewa binciken bai haɗa da masu tsukewar kututturen hagu ba, ko waɗanda zuciyarsu ta yi rauni ƙwarai, su hukuncinsu daban.

Sannan ya faɗi abin da ya hana ni komawa gida da sakaci. Bugun zuciya sau da yawa ba daga wurin da ya fi tsukewa yake tasowa ba. Maiƙon da ke bangon jijiya kamar maruru yake, da 'yar fata a kansa. Ranar da fatar ta fashe, jini ya daskare a wurin, jijiyar da jiya take a buɗe rabi sai ta rufe cikin mintuna. Wannan na iya faruwa a tsukewar kashi 40 ta jijiyata ta dama, wadda babu wanda ya kula ta a gidanmu. Raga tana gyara tsawon ɗan yatsa ne, ciwon kuma yana ko'ina a jijiyoyin. Abin da ke bin su duka shi ne ƙwayar rage maiƙo, da saukar da hawan jini, da barin taba ga mai sha.

"Ba cewa na yi ba ka da ciwo ba, ya Hajj. Cewa na yi maganinka ba ƙarfe ba ne."

Na tambaye shi nauyin ƙirjin fa, daga ina? Ya buɗe takarduna na Kano, ya sa yatsa a kan abu biyu da na ɗauka ba su da muhimmanci: kaurin bangon zuciya, da awon jinin da ya haura 200 a kan inji. Tsoka mai kauri da ke tura jini a kan matsi irin wannan tana cin jini fiye da kima, ƙananan jijiyoyin cikinta kuma, waɗanda ba sa fitowa a hoto, su ma hawan jini yana lalata su. Tsukewar ta ɗan ƙara, amma ba ita ce uwar tafiyar ba. Wato shekara tara na shan magani sai kai ya sara, su ne suka tare ni a gaɓar kanal.

Bayan dawowata wani maƙwabcinmu ya zo da tasa takardar, ya ji labarin an bar ni ba a yi mini aiki ba, yana son in ce masa shi ma ya zauna. Na karanta. Jijiyoyi uku duka sun wuce kashi 70, ga ciwon suga, ga nauyin ƙirji ko alwala ya sunkuya yi. Na ce masa labarina ba nasa ba ne, kada ya kwana bai ga likita ba. Aikin tiyata aka yi masa na kewaye jijiyoyin, yana nan yana samun sauƙi. Tun daga ranar nake taka-tsantsan da yadda nake ba da labarin nan, domin mutum yakan tsinci abin da yake son ji ne kawai.

Likitana na Kano ya karanta sakamakon Alkahira ya gyaɗa kai, ya ƙara mini maganin hawan jini, ya kafa mini iyaka: mugun maiƙon nan da ake kira LDL, wanda ya fara a 4.1, yana son ya gan shi ƙasa da 1.4. Na sayi na'urar awon jini, uwargida ce ke rubutawa a littafi safe da yamma. An rage gishiri da dunƙulen miya a tukunyar gidan gaba ɗaya, ba tawa kaɗai ba. Kilishi da ɓalangu sun zama na baƙi. Da azumi ya zo, likita ya raba mini magungunan tsakanin buɗa-baki da sahur, na yi azumina cikakke.

A awon wata na uku LDL ya sauko 1.9, sai ya ƙara mini wata ƙwaya, ezetimib. Yanzu ina tafiyar minti talatin kullum bayan la'asar, a kan gaɓar nan da na daina hawa, abin fesawa yana aljihun gaba. Sau biyu na yi amfani da shi tun dawowata, duka a watan farko. Ƙanina, wanda ke bi mini, shekararsa 51, ya daɗe yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Makon jiya na sa shi a mota da kaina na kai shi aka auna shi, awon jininsa ya nuna 168 bisa 100. Ranar Talata za mu koma tare, shi ya karɓi sakamakon maiƙonsa, ni kuma a sake ɗibar nawa jinin.